Injin da Ya Ɓata Ranar Kasuwa

Ranar kasuwa ba a ban-ruwa a lambun ƙungiya, amma 'yar Mai-sawu ta yi dashen tumatir da yammacin jiya, kuma sabon dashe ba ya jiran kowa. Da ta isa da sassafe sai ta tarar da ƙofa a kulle, maigadi kuma yana tahowa daga bakin titi yana jan ƙafa, tabarmarsa a hammata. Shi ya buɗe kwaɗon da hannunsa. Suka shiga tare. Farantan sola suna nan a kan ƙarafunansu, rijiya tana nan, tanki yana nan, amma dakalin simintin da injin ban-ruwa yake zama a kai babu komai.

Ihun da ta yi shi ya juyo da mutane daga hanyar kasuwa.

Injin nan shi ne ran tallafin da wata cibiya mai taimakon ƙananan manoma ta ba ƙungiyar bara. Sharaɗin a fili yake: a bar injin fetur, a bar takin zamani, a noma kayan miya da takin ganye a sayar wa shagunan unguwa da makarantu. Idan aiki ya yi kyau, a kashi na biyu za a gina musu ɗakin sanyi. Yawancin masu fangali a lambun mata ne, da yawansu kuma da shi suke ciyar da gida.

Kafin a kira Mai-sawu, tsohon ma'aikacin gandun daji da ya ƙare aikinsa yana bin sawun masu saran itace, jama'a sun gama tattake cikin lambun kaf. Sun kuma gama shari'a. An fasa wa maigadi leɓe, an tura shi ɗakin ajiyar iri an kulle.

Mai-sawu ya tsaya a bakin ƙofa yana duban ƙasa, ransa a ɓace. Kowa ya zo ya ga wurin da babu inji, kowa ya zagaya shi, kowa ya yi salati, kowa kuma ya goge wani abu da takalminsa.

"Yaya, ka zo a makare," in ji Shugaban ƙungiya, wanda ƙanen matarsa ne. Yana ta share gumi da hula. "Ɓarawo yana hannu. Kwaɗo lafiya lau, ba a yanke wayar shinge ba, mutum kuma bai kwana a bakin aikinsa ba. Me ya rage?"

"To me ya sa aka taso ni ban karya ba?"

"Ni na ce a kira ka, Baba," in ji Sakatariya, matashiya mai tabarau da ba ta iya ɓoye fushi. "Mutum muke da shi, inji ba mu da shi. Na riga na buga wa jami'ar tallafi waya. Za ta zo bayan la'asar, da 'yan sanda."

Shugaba ya dube ta kamar ta taka masa ƙafa. "Ke dai da gaggawa."

"Doka ce, ranka ya daɗe. Kai ka sa hannu."

*

Ɗakin ajiya yana warin taki da busasshen barkono. Maigadi yana zaune a kan buhu, ya miƙe ƙafar da gwiwarta ta kumbura.

"Dattijo, ina ka kwana?" in ji Mai-sawu.

"A duniya."

"Duniya da faɗi."

"A gida."

"Wa ya sallame ka?"

Maigadi ya taɓa leɓensa ya dubi yatsan. "Ƙafata ce ta sallame ni."

"Na san ka tun kana gadin ma'ajiyar siminti. Ko zazzaɓi bai taɓa tashinka daga bakin ƙofa ba. Wani ya ce ka tafi."

"Wani ya ji tausayina," in ji tsohon a hankali. "Ya ce in je in huta, kada in faɗa wa kowa don kar mata su ce a kore ni. Mutum ya yi mini haka, kana so in jawo masa magana?"

"Ka san abin da ake yi wa wanda ya ƙi magana a wajen 'yan sanda? Da waɗannan shekarun naka?"

"Na sani. Na yi gadi a bayan katangarsu, ina jin komai." Ya juyar da kai wajen bango. "Ban ɗauki inji ba. Iyakar abin da zan ce ke nan."

*

A wajen shinge, inda 'yan kallo ba su bi ba, ƙasa ta fara magana. Tayar baro ce, ta nutse sosai saboda nauyi, da wani faci da yake barin tabo duk juyi. Mutum biyu. Ɗaya yana turawa, ɗaya yana tafiya a gefe, takunsa a karkace kamar mai dafa kaya kada ya girgiza. Babu mai jan ƙafa a cikinsu. Abin da ya fi damun Mai-sawu shi ne natsuwarsu. Sun kauce wa rami, sun zagaye dutse, har sun ajiye baron a gindin wata bishiya sun huta. Ya sha bin ɓarayi, bai taɓa ganin ɓarawon da ke tausayin kayan sata ba.

A bakin kwalta sawun ya ɓace. Motocin kasuwa da tumaki sun wuce ta nan tun asuba. Ya ɗauka an loda injin a mota, ya juya.

Mata sun ba shi suna biyu, kuma kowace ta rantse da nata. Na farko mai injin haya ne, wanda kafin tallafin ya zo kowa wajensa yake hayar injin fetur. Ya same shi a ƙofar shagonsa yana wanke fulogi, fuskarsa cike da fara'a.

"Na ji labari! Allah ya kiyaye gaba," ya ce, ba tare da ya daina murmushi ba. "Ka zo duba ɗakina? Bismilla. Wallahi da ni ne, a rijiyar zan jefa shi, in tsaya ina kallo ana ciro shi."

"Ina baronka?"

Ya nuna da haɓa. Baro ne mai tayar ƙarfe, ƙafa ɗaya a karye, kaji sun mai da shi wurin kwana.

"Ka gaishe da 'yarka," ya ɗaga murya bayan Mai-sawu ya juya. "Ka ce ta zo da wuri gobe, layi zai yi tsawo."

Na biyu ɗan gwangwan ne, mai sayen tsohon ƙarfe a bayan tasha. Shi bai yi dariya ba. Ya gaji da zama farkon wanda ake nema duk lokacin da murfin kwata ya ɓata.

"Malam, bari in tambaye ka. Farantan suna nan?"

"Suna nan."

"Wayar da ta haɗa su da injin fa?"

"Ina jin tana nan."

Ɗan gwangwan ya tofar da tsinken bakinsa. "To ba yaranmu ba ne, ba ma ɓarawo ba ne mai hankali. Faranti ko yanzu ka kawo, kafin ka zauna an saya. Waya jan ƙarfe ce, a ƙona roba a auna. Injin kuwa yana da lamba, yana da tambari, wa zai taɓa shi? Kuma mai sata ba ya kwance abu. Zarto yake sa wa, ko adda. Je ka duba yadda aka yanke bututun, ka dawo in gaya maka ko na wace unguwa ne."

Mai-sawu ya yi masa sallama ya juya. Ya dubi ƙasa tun safe, bai dubi bututu ba.

*

Rana ta take lokacin da ya koma lambu. Mutane sun janye zuwa inuwar rumfa. 'Yarsa kaɗai ce a fili, tana ɗebo ruwa da guga tana zuba wa dashenta da gwangwani, alhali ganyen sun riga sun kwanta. Tun da mijinta ya rasu, fangalin nan ne makarantar 'ya'yanta da abincinsu.

Ya durƙusa a gaban dakalin. Ba a yanke komai ba. An kwance notuna, an mai da kowane a kan ƙusarsa an ɗan murɗa don kada ya ɓata. Bakin wayoyin an naɗe su da salatif, ja daban, baƙi daban. Bututun da ya fito daga rijiya kuwa an rufe bakinsa da leda mai tsabta, an ɗaure da roba tam, don kada yashi ko ƙadangare ya shiga.

Ya daɗe yana kallon ledar nan. Mutane fiye da a ƙirga sun tsaya a kanta yau da safe suna tsine wa maigadi. Wanda ya ɗaure bakin bututu yana da niyyar dawowa ya mai da inji ya kunna.

"Zo nan," ya ce wa 'yarsa. "Wa ya koya muku rufe bututu haka?"

"Mu? Ba wanda ya koya mana komai. An ce kar mu taɓa, sai dai mu danna." Ta share fuska da gefen mayafi. "Kawu ne ya je horon. Cibiyar ta ce a turo mace cikin masu ban-ruwa, shi kuma ya ce tafiyar da nisa, otal ba wurin mata ba ne. Shi kaɗai ya iya kwance..."

Ta tsaya. Ta dubi ledar, ta dubi rumfar da kawunta yake zaune yana fifita, ta dubi mahaifinta.

"Baba, kar ka fara."

"Ban ce komai ba."

"Na san fuskar nan. Baba, don Allah. Idan cibiyar ta ji cewa daga cikinmu ne, kwashe komai za su yi. Ka dubi wurin nan. Ka dubi ni."

"Akwai tsoho a kulle a ɗakin can."

"Na sani! Ni na yi ihun!" Ta ɗauki gugarta ta koma rijiya.

*

Wanda zai dawo da kaya ba ya kai shi nesa. Mai-sawu ya koma bakin kwalta, wannan karon ya tsallaka. Ya bi gefen titin yana duba duk wata 'yar hanya da ta gangara, har ya ga tabon facin nan a kan yashin wata hanya da ta bi bayan gidan bulo. Daga nan ko yaro zai iya bi.

Sawun ya ƙare a wani lambu na wata ƙungiyar, ta tsallaken kwari. An share shi fes, an shafa wa duwatsun hanya farar ƙasa, an kafa sabon allo mai sunan wata cibiyar tallafi daban. A bakin rijiyarsu ga injin yana aiki, ruwa yana zuba a fangalin da ƙasarsu ta tsage don daɗewa ba ta sha ba. An manna masa sabon tambari. Mai-sawu ya sa farce ya ɗaga gefensa, na asali yana ƙasa.

Shugaban wannan ƙungiyar ya fito daga rumfa da sauri, sai kuma ya rage tafiya da ya gane ko wane ne.

"Aro ne, Malam," ya ce tun ba a tambaye shi ba. "Aro kawai. Namu ya ƙone tun bara. Baƙinmu na cibiyar tallafi da safe za su zo su duba su ɗau hoto, kafin azahar mu mayar. Sai suka bugo suka ce sai gobe. Laifina ne?"

"Naku ya ƙone, ko naku an sayar?" in ji Mai-sawu.

Mutumin ya dubi allon. "Ka tambayi ƙanen matarka amya nawa na ƙudan zuma muka ara musu ranar da tasu jami'ar ta zo."

*

La'asar ta kusa lokacin da Mai-sawu ya sa aka tara kowa a rumfa: mata a kan benci, Sakatariya a tsaye, mai injin haya da ɗan gwangwan a gefe kowa yana jiran a wanke shi. Aka fito da maigadi aka zaunar a ƙasa.

Mai-sawu bai ja magana ba. Ya sallami mutanen biyu da kalma ɗaya ɗaya. Ya faɗi baro, ya faɗi notuna, ya ajiye ledar da robarta a kan tebur. Sannan ya juya.

"Ƙanena, mabuɗin kwaɗon nan biyu ne. Ina naka ya kwana?"

Shugaba ya yi ƙoƙarin dariya irin ta wasan da suka saba. "Yaya, tsufa ya fara taɓa ka. Zan gaya wa yayata ta rage maka yaji."

Ba wanda ya taya shi.

"Na ga injin," in ji Mai-sawu. "Na ga tambarin. Na gaisa da abokinka."

Shugaba ya sunkuyar da kai. Da ya ɗago, ba kunya ce a fuskarsa ba, haushi ne. "To, na ara. Sai me? Wa bai san ana yi ba? Ke, ba ki tsaya kusa da amyar zuma an ɗauke ki hoto ba? Ke fa, ba ki riƙe kajin da ba namu ba? Da me kuke tsammani muka ci tallafin nan? Masu ba da shi hoto suke so, mu kuma ruwa muke so. Kowa yana rufa wa kowa asiri. Da yarinyar nan ba ta zo ranar kasuwa ba, da wannan kuma ba ta yi saurin buga waya ba, wa zai sani?"

"Ka tsaya kana kallo aka fasa masa baki," in ji Sakatariya.

"In ce me? A gaban mutanen kasuwa?"

Maigadi bai ɗago ba. Yana kallon gwiwarsa.

Mai-sawu ya jira rumfar ta tashi da ihu kamar yadda ta tashi da safe. Ba ta tashi ba. Mata suka dubi juna. Wata dattijuwa, wadda ita ta fara ɗaga hannu a kan maigadi ɗazu, ta gyara zama.

"To, alhamdulillahi, inji yana nan," ta ce. "A je a ɗauko yanzu. A ce Malam ya bi sawu ya same shi a ɓoye a kwari. Shi ke nan."

"'Yan sanda za su tambayi yadda aka buɗe ƙofa," in ji Sakatariya.

"Ai bai kwana a bakin aiki ba. Wannan gaskiya ne ko ƙarya? Su tafi da shi, kwana kaɗan ne. Mu haɗa hannu mu fito da shi, mu kula da iyalinsa."

Aka ce haka ne. Aka ce wannan ita ce maslaha. Wata ta ce ai dattijo mai haƙuri ne, Allah zai saka masa. Ba wadda ta dubi inda yake zaune. Da safe sun doke shi don suna zaton shi ne, yanzu za su miƙa shi don sun san ba shi ba ne, kuma da murya mai taushi, har da addu'a. Mai-sawu ya nemi idon 'yarsa. Tana can ƙarshen benci, ta rufe fuska da tafin hannu.

Ƙarar mota ta tsaya a bakin ƙofa kafin a aika kowa ko'ina.

Jami'ar tallafi ta shigo da 'yan sanda biyu a bayanta. Mace ce mai gajiya a ido, da alama ta ga irin wannan rumfar da yawa. Ta dubi dakalin, ta dubi tsohon da ke ƙasa.

"Wannan ne?"

Shugaba ya buɗe baki. Ɗaya daga cikin 'yan sandan ya riga ya kama maigadi a damtse yana ɗaga shi, tsohon ya cije leɓen da ya fashe saboda gwiwar.

"Sake shi," in ji Mai-sawu. "Ranki ya daɗe, ba a saci injin nan ba. Zo in kai ki inda yake."

A bayansa wata ta ce, "Allah ya isa." Bai waiwaya ya ga ko wace ce ba.

*

Kafin magariba an loda injin a bayan motar cibiya, za a riƙe shi har a gama bincike. Jami'ar ta ce an dakatar da komai, maganar ɗakin sanyi kuma a manta da ita. Ta ce dole ta sanar da ɗaya cibiyar. Ta faɗi haka ba tare da ɗaga murya ba. 'Yan sanda suka tafi da Shugaba, amma a gaban mota ya zauna, suna hira.

Mata suka watse ba sallama. 'Yarsa ta wuce ta gabansa da gugarta a ka.

"Zan zo da safe in taya ki ɗiba," ya ce.

"Fangali nawa za ka ɗebar wa, Baba?" Ba ta tsaya ba.

Maigadi ya miƙa wa Sakatariya mabuɗi, ya naɗe tabarmarsa. Mai-sawu ya karɓi tabarmar ya riƙe masa, suka nufi bakin titi a hankali, shi yana rage taku don tsohon ya cim masa. Sun wuce fangalin tumatir. Dashen sun kwanta a ƙasa kamar zare.

A bakin kwalta maigadi ya tsaya ya karɓi tabarmarsa.

"Na gode," ya ce. Ya waiwaya ya dubi lambun. "Amma da ka bari sun tafi da ni. Da gobe war haka ruwa yana gudu, ni kuma in na fito ina da wurin gadi."

Motar haya ta tsaya, tsohon ya ɗaga ƙafar mai ciwo da hannu biyu ya sa a ciki, yaron mota ya rufe ƙofa.